Daga Koki Zuwa Fato

Koki, kafin asuba

Tun kafin kiran assalatu na fito da jakuna biyu ƙofar gidanmu a Koki. Ɗaya na ɗora masa mangala, ɗaya na shimfiɗa masa akumari da matasai don kakata, wadda unguwa ke kira Yagana, mu kuwa Kaka kawai muke ce mata. A shekarun nan ne jirgin ƙasa ya fara kuka a bayan ganuwa, mutane suna ta tafiye-tafiye kamar ana korarsu. Ni Bukar sana'ata rubutun Alƙur'ani, kuma iyakar tafiyata a duniya kafin wannan rana Fagge ce, ita ma ɗaurin aure ne ya kai ni. Borno na nufa.

Bari in faɗi abin da ya tayar da ni, kada a zaci ƙafa ce ta yi mini ƙaiƙayi. Kaka ta yi zazzaɓi a ƙarshen damina. Zazzaɓin ya tafi, ya tafi da Hausarta. Matar da ta tsufa tana ciniki da faɗa da Hausa ta wayi gari ko "sannu" ba ta ji, sai Barbarci. Mu kuwa Barebari ne na suna. Kakanmu ya zo da ita daga Borno tana amarya, ya zauna, muka zama Kanawa, abin da ya rage mana na harshen bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace. Duk da haka, in aka ce "gida" a gidanmu, Borno ake nufi. Babana har ya rasu yana cewa baɗi zai je gida.

Kaka ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mace ce da ba ta tauna magana. Matan unguwa sun daɗe suna gulmarta wai tana kiran sunan babana, ɗanta na fari, a tsakar gida, "Ali, Ali," ba kunya ba kara. Aka yanke cewa halin Barebari ne, aka ƙyale ta. Ni kuwa, kamar kowace kaka da jikanta, mijinta take kirana, mijin banza wanda ba ya cefane. Tun da ta tashi daga ciwon ba ta sake kirana da komai ba, sai ta riƙa kallona kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Sai kuma ta daina cin abinci. Kalma ɗaya take maimaitawa: "Fato, fato." Maiɗakina Ladi ta ce ai fate take so, bakin tsufa ne ya karkatar da shi. Aka yi faten tsaki da rama, ta ture. Aka yi na wake, ta ture. Maƙwabta suka shigo da nasu, kowace tana ganin hannun Ladi ne bai iya ba, ta ture. Ni ake miƙo wa kwanukan, na ci fate har na fara jin haushin rama a gona. Da na ga awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu, sai na je Zangon Barebari na ɗauko Malam Modu, wani mai fataucin kanwa da ke zuwa daga gabas duk rani. Ya durƙusa ya gaishe ta, suka yi 'yar magana, ya juyo.

"Wa ya ce muku abinci take nema? Fato gida ne. Cewa take a kai ta gida."

Ba wanda ya tambayi wane gida, don mu gida ɗaya muka sani. Malam Modu ya ce ayarinsu yana shirin komawa, in ina so in bi su. Liman ya ce ko ta isa ko ba ta isa ba, ya fi a bar ta ta cika tana roƙo.

Ladi ta haɗa guzurin wata guda da ɗoriya: gumba, ƙuli-ƙuli, kilishi, kuka da daddawa, da salkar ruwa biyu. Na sa Alƙur'anin da na gama rubutawa a gafaka, da niyyar in nuna wa malaman can. Ladi ta ce, "Malam, Borno za ka kai rubutu? Su da suka koya wa kakanka?" Na ce ko gyara ne a yi mini. Na bi gida-gida na nemi gafara, aka yafe mini har abin da ban yi ba. Kowa ya ba ni saƙon gaisuwa ga dangin da bai taɓa gani ba, maƙwabcina Malam Sule maɗinki kuma ya ce in taho masa da bandar kifi.

Da aka idar da asuba, ni da Malam Sule muka ɗaga Kaka muka ɗora. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Ladi ta tsaya a soro tana share ido da gefen mayafi, muka kama hanya.

Ƙofar Mata, fitowar rana

Daga Koki zuwa Ƙofar Mata ba nisa, sai dai jakin kaya ya riƙa tsayawa a kowane lungu, wataƙila shi ma sallama yake yi. Muka iso marina rana tana fitowa. Masu rini sun riga sun buɗe ramukan baba, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu, an shanya zannuwa suna ɗiga. Kaka, wadda tun daga gida kanta ke sunkuye, ta ɗago ta bi zannuwan da kallo har muka wuce. Na ɗauki wannan alamar alheri ce.

Ayari yana bayan ƙofa, jakuna da takarkarai, Malam Modu yana ta kai da kawowa a tsakaninsu. Sarkin ƙofa ya tambayi abin da ke mangala, na faɗa masa. Ya dubi Kaka.

"Tsohuwar nan za ta kai Borno?"

"Allah ne Ya sani."

"To, Shi Ya kai ku."

Ina jan igiya zan shige, sai na ji jaki ya turje. Na waiga, ashe Kaka ce ta tokare sandarta a jikin ginin ƙofa, tana faɗa da Barbarci da wata murya da rabona da jin ta tun kafin ciwo. Masu shigowa da itace da masu nono suka cunkushe, ana ta "a ba mu hanya". Malam Modu ya kutso.

"Me take cewa?" na tambaye shi.

"Ta ce ba nan ce hanya ba."

"Ka gaya mata kai ɗan hanya ne?"

"Na gaya mata. Ta ce yaushe aka haife ni."

Ya sake tambayarta, ta nuna cikin gari da sanda, wajen kudu, ta ce fato. Malam Modu ya sosa gemu. "Malam, Borno dai tana nan inda na baro ta. Amma tsohuwar nan ba ruɗewa take yi ba, na san maganar ruɗaɗɗe. Mu ba za mu iya jira ba, rana tana yi. Ko ka ɗaure ta mu wuce, ko ka sake mata igiya."

Na tsaya ina aunawa. In na bi ayari ina da tafinta da abokan tafiya, amma sai na ɗaure kakata a kan jaki kamar buhun kanwa. In na bi sandarta ayari ya tafi, wani sai baɗi, ita kuwa ba na jin za ta ƙara mako guda ba ci. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce wa Malam Modu ya gaida mutanen gida. Ya ba ni goro, ya yi mata wata magana, ta kore shi da bayan hannu. Na juya jakuna. Sarkin ƙofa ya bi mu da ido kawai, mutum ne da ya daɗe a bakin aikinsa.

Shahuci, hantsi zuwa azahar

Ga yadda tsarin tafiyar ya koma: Kaka a gaba tana taɓa wuyan jaki da sanda, dama ko hagu, ni a baya da jakin guzuri. Na lura ba ta kallon gidaje. Kududdufai take bi da manyan itatuwa. In muka zo kududdufi sai ta tsaya ta dube shi, ta dubi kuka ko dabinon da ke gefensa, sannan ta zaɓi hanya. Daga baya na ga dalili. Gidan ƙasa in ya rasa yaɓe 'yan damina kaɗan sai ya zube, wani ya gina nasa ya toshe lungu, amma ramin da aka ɗebi ƙasar yana nan da ruwansa da kwaɗinsa. Sau biyu sandarta ta kai mu ga bango inda a zamaninta hanya ce. Sau ɗaya ta shigar da mu soron wani bawan Allah yana shan koko, ya ce bismilla, muka ce alhamdu lillahi, muka fito da baya.

Da hantsi muka shiga Shahuci. A nan Malam Habu baduku yake, wanda ke ɗinka mini gafaka, wanda kuma jiya-jiya muka yi bankwana da shi har da hawaye. Yana rumfarsa yana yankan fata.

"Malam Bukar! Har ka dawo?"

"Ban isa ba tukuna. Ina kan hanya."

Ya dubi gabas, ya dubi inda jakunan suka fuskanta. "Ta nan aka mayar da Bornon?"

"Haka jagora ta ce."

"To. Turawan nan babu abin da ba za su sake wa wuri ba." Ya tashi ya shimfiɗa mana tabarma.

A nan muka yada zango na farko. Mai fura ta zo, ta ƙi wuri ta ce sai sabon kuɗi mai huji, Malam Habu ya shiga tsakani aka daidaita. Furar Shahuci ta fi ta Koki yaji, amma nonon ya sha ruwa. Na kai ludayi bakin Kaka, ta datse leɓe. Ruwa kaɗai ta yarda na jiƙa mata baki da shi. Bayan azahar ta kwanta, numfashinta ya yi ƙasa, har Malam Habu ya ajiye wuƙarsa ya matso, yana kallona ina kallonsa. A raina na ce shi ke nan, na raba ta da ɗakinta, ban kai ta Borno ba, za ta cika a rumfar dukawa. Na fara karanta mata abin da ya sawwaƙa. Sai ta buɗe ido, ta lalubi sandarta, ta ƙwanƙwasa mini a ƙwauri. Muka ɗora ta.

Ƙofar Ɗan Agundi, la'asar

Wani dogari ya tare mu a hanya ya tambayi kayan mene ne. Na ce kilishi da tarkace, na gutsura masa, ya tauna ya tabbatar kilishi ne, ya yi mana addu'a. Daga nan gidaje suka fara tsinkewa, don a lokacin ta wannan gefen cikin ganuwa rabi gari ne rabi gona. An girbe dawa, sai kara, awaki suna kiwo, balbelu suna bin su. Can ganuwa ta bayyana, ga Ƙofar Ɗan Agundi. Na zaci fita za mu yi, har na fara tunanin ko muna da dangi a Zariya ban sani ba. Amma kafin ƙofa ta karkatar da jaki zuwa wasu 'yan gidaje da ke bakin gona. A cikinsu akwai wanda wata babbar kurna ta leƙo ta saman katangarsa, rassanta sun rufe rabin gidan.

Kaka ta ɗaga sanda ta ce, "Kurna."

Na ce, "Na'am?"

Ta ce, "Kurna."

Ita ce kalmar farko da na gane a bakinta tun damina. Daga baya na ji cewa su ma Barebari haka suke kiran itacen, saboda haka ban san da wane harshe ta faɗa ba.

Na yi sallama. Maigidan ya fito, wani dogon Bafulatani, Malam Buba. Ya dubi zanen fuskar Kaka ya yi murmushi, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"A'a, bayina ne suka kawo gaisuwa? Har da kaya jaki guda, kun kyauta."

"Iyayen gidanka ne suka zo duba ko kana shara," na ce. "Amma tsohuwar ba lafiya."

Na ba shi labari a taƙaice, dariya ta bar fuskarsa. Ya shiga ya sa mata suka kimtsa, ya ce mu shigo da ita har ciki, ni ma in shigo. Muka sauke ta a tsakar gida, ta ƙi a riƙe ta. Da rarrafe ta ƙarasa gindin kurnar, ta zagaya ta gabas, inda aka kewaye wani ɗan wuri da fasassun tukwane. Ta zauna ta fara share busasshen ganye da tafin hannu, a hankali, kamar mai gyara shimfiɗa.

Mahaifiyar Malam Buba, wadda suke kira Inna, ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonta. Can ta ce, "Allahu akbar. Uwar ce."

"Uwar wa, Inna?" na ce.

"Da surukina ya sayi gidan nan a hannun wani malami Babarbare, sharaɗi ɗaya malamin ya yi masa. Ya ce akwai jaririya a gindin kurnar nan, 'yarsu ta fari, ko yaye ba ta kai ba. Kada a haƙa, kada a ɗaure akuya, kada a zubar da ruwan wanke-wanke. Ranar da aka kawo ni aka gaya mini, ni ma ranar da aka kawo matar Buba na gaya mata. Kurnar ma an ce matar malamin ce ta shuka, da ƙwallon da ta zo da shi daga garinsu."

Nan na gane malamin nan kakana ne. Ashe babana ba shi ne na fari ba. Shekara da shekaru matan Koki suna cewa Yagana ba ta da kunyar ɗan fari, tana ji, ba ta taɓa gyara musu ba, don in za ta gyara sai ta ambaci wadda ba ta ambata. Na matsa kusa ko zan ji sunan gwaggon tawa. Kaka tana magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, tana shafa ƙasar, ta daɗe tana yi. Na kasa kunne iyakar iyawata, sunayenmu kuwa da kowane harshe ana gane su. Ko a nan ba ta faɗa ba. Na yi kuka ban ɓoye ba, Malam Buba ya juya yana duba katangarsa.

'Ya'yan kurna sun nuna, suna zube a ƙasa. Kaka ta tsinci ɗaya, ta goge a zane, ta sa a baki. Babu haƙora, tsotsa take. Ta tsinci na biyu. Inna ta shiga ta damo fura da nonon shanunsu, ta ajiye ƙwaryar a gefenta ba tare da ta miƙa mata ba, ta zauna ita ma tana tsintar kurna. Na so in matsa in ɗauki ludayi, Inna ta harare ni, na koma. Can sai Kaka ta jawo ƙwarya da kanta. Ta sha, ta huta, ta sha, har ta kankare gindin.

A lokacin ne Malam Buba ya shigo da kayanmu ya jibge a tsakar gida, mangala da salka da buzu da gafaka. Kaka ta dubi kayan, ta dube ni daga rawani har takalmi.

"Kai mijin banza," ta ce, da Hausa garau, "ina za ka da wannan uban kaya?"

"Borno, Kaka."

"Me ka ajiye a can?"

Na ce ba komai. Ta ce to in miƙo mata kilishin ta tsotsa.

Komawa Koki

A gidan muka kwana, ita a ɗakin Inna, ni a soro. Masauki ne mai kyau: tuwon dawa da miyar kuka, man shanu har yana kwaranya, sauro kuma daidai gwargwado. Da safe Malam Buba ya ƙi karɓar komai, sai na ba shi Alƙur'anin da na yi niyyar kaiwa Borno. Ya karɓa da hannu biyu, wannan karon bai yi wasa ba. Inna ta ƙulle wa Kaka 'ya'yan kurna a gefen zane, ta ce mata gidanta ne, duk ranar da ta so ta zo.

A dawowa ni na ja gaba, hanya ta miƙe, kafin hantsi ya yi zafi mun shiga Koki. Malam Sule yana ƙofar gidansa yana ɗinki. Ya dubi jakunan, ya dube ni, ya ajiye allura.

"Sannu da hanya. Yaya mutanen gida?"

"Mun same su lafiya."

"Kifina fa?"

Na zuba masa kurna a tafi. Ya duba, ya ce Allah Ya amfana.

Ladi ta fito da gudu ba ko mayafi. Kaka tana daga kan jaki ta ce mata, "Ke Ladi, rabon da a yi fate a gidan nan har na manta." Ladi ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta je ta ɗora tukunya.

Hausar Kaka ba ta dawo duka ba, takan zo ta tafi, amma ta ci abinci, ta kuma ga wata daminar da wadda ke binta. Ranar Juma'a nakan ɗora ta a jaki mu je fato mu dawo kafin magariba. Har ta koma ga Allah ban tambaye ta sunan ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Habu da tabarmarsa, da Malam Buba, da Inna da matan gidan nan da suka riƙe amanar mutanen da ba su taɓa gani ba, Allah Ya saka musu. Ina kuma gode wa Malam Modu. Da rani ya zagayo ya dawo da kanwarsa, ya neme ni har gida, ya ce duk hanya yana tunaninmu, shin mun isa kuwa?

Na ce masa mun isa tun la'asar.